Ragon Ɗan Nasara

A gidan su Mijinyawa ba a janye magana, abin gado ne. Kakansa Alhaji Abdussamad bai taɓa ganin Makka ba, amma ba wanda ya isa ya cire masa Alhajin. Ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya iso bakin kogin Shari, ya ce zai ɗan tsaya jakinsa ya sha ruwa. Jaki ya sha ruwa, ya tsufa, ya mutu. Tsohon ya yi aure, ya gina gida a unguwar Marjandafak ta Njamena kusa da kasuwa, ya cika shi da 'ya'ya da jikoki, amma duk wanda ya kuskura ya tambaye shi ko ya zauna ke nan, sai ya ɓata rai ya ce, "Mu matafiya ne, muna kan hanya." Har ya bar duniya salkarsa da sandarsa na rataye a zaure.

A cikin wannan gida aka haifi Mijinyawa, bayan mata shida a jere, shi ya sa aka sa masa sunan. Yayyen nan nasa su suka lalata shi, Allah ya yafe musu. Idan ya ce magariba ta yi da hantsi, sai su ɗaga kai su ce ai kuwa sun ga duhu-duhu. Ya girma bai taɓa jin kalmar "ka yi kuskure" daga bakin mace ba, maza kuwa ba ya sauraronsu. Ya gaji fawa daga ubansa, kuma a nan kam ba a ce masa komai. Bai taɓa sayar da mushe ba, bai taɓa danna sikeli da yatsa ba. In ya tsaga hanta ya ga tsutsa, ko hantar ta kai faranti girma, jefarwa yake a gaban mai saye. Hausa yake yi a gida, Larabcin Chadi a kasuwa. Faransanci kuwa bai wuce "bonjur" da "kilo" ba, amma ya riga ya taɓa cewa yana ji, saboda haka yana ji.

Matarsa Zaliha ba ta da yawan magana. 'Yarsu ta fari Khalida ce, don haka yake kiranta Am Khalida, wato Uwar Khalida, kamar yadda mutanen gari ke yi, ita kuma ta ce masa Baban Khalida. Tana da lambu a Waliya, can ƙetaren kogi, wanda ta gada daga mahaifinta, da ɗan kududdufi a gefe wanda ambaliya ke cikawa kowace damina. Kullum da safe takan hau hayis ta haye gada, ta shuka salak da albasa da yakuwa, ta dawo da yamma ƙafafunta duk laka. Tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. A ɗaki ma sai dai ta ce "To," amma tana da "To" iri-iri, kuma ya san kowanne.

Cikin masu sayen namansa akwai wani Nasara dogo mai saɓaɓɓen hanci, wanda ke aikin kiwon wasu dabbobi a bayan unguwar Gassi, aikin da ba wanda ya taɓa fahimtar kansa. A shekarar 1996, ana saura kaɗan babbar salla, aikin ya rushe, Nasaran ya zo sallama. Ya riƙe hannun Mijinyawa, ya haɗa ɗan Larabcinsa da Faransanci ya ce, "Ana mashi. Nantik kado. Ragondan, tinen." Wato zai tafi, zai bar masa kyauta, guda biyu.

Mijinyawa ya ji hawaye na neman zubo masa. Shekara da shekaru mutumin nan na sayen tsoka a hannunsa, ashe a ɓoye yana koyon Hausa, kuma kalmar farko da ya furta ita ce "ragon ɗana". Ragon ɗansa na cikinsa, har biyu!

Maiturare, maƙwabcinsa a gida da kasuwa, wanda ya ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, kafin ya kama sayar da turare, yana tsaye yana ji. Da Nasaran ya tafi ya ce, "Mijinyawa, ni fa ban ji 'ɗana' ba. 'Ragondan' na ji."

"Hancinsa ne ya cinye ƙarshen," in ji Mijinyawa. "Kai da ka yi lekol ba ka san ta hanci suke magana ba?"

Kafin la'asar duk layin mahauta ya san cewa raguna biyu na tafe daga Faransa. Kafin washegari sun kai maraƙi girma, kuma Mijinyawa ne da kansa ya ƙara musu. Ragon da ya turke wata da watanni don layya ya aika wa babbar yayarsa, ya ce shi bana ya wuce nan. Ya sayi sabuwar igiya, ya tara harawa da dusa, ya kafa turaku biyu a ƙofar gida inda kowa zai gani.

Ranar da motar ta zo, unguwa ta fito. Direba ya sauke akwatin katako mai waya a gaba, wanda bai fi akwatin lefe ba, ya juya ya tafi abinsa. Mutane suka leƙa bayan motar ko akwai saura, babu. Mijinyawa ya ɗauko wuƙa ya ɓanɓare murfin.

Abu biyu ne a ciki, kowanne ya kai ƙatuwar kyanwa biyu a haɗe. Gashi ruwan ƙasa, gashin baki fari, doguwar wutsiya silili ba gashi, ƙafafun baya irin na agwagwa. Ɗaya ya ɗago kai ya buɗe baki, sai ga manyan haƙora jawur kamar na tsohon da ya shekara sittin yana cin goro.  Can sai Maiturare ya yi gyaran murya ya ce, "Mijinyawa, wannan ai gafiya ce ta samu duniya."

Gaskiya ita ce tun kallon farko Mijinyawa ya sani. Mutumin da ya feɗe raguna tun bai yi gemu ba, ba a nuna masa rago. Gumi ya keto masa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ga turaku biyu a kafe, ga harawa a tsibe, ga idon Marjandafak gaba ɗaya a kansa. Ya miƙe, ya gyara hula ya ce, "Raguna ne. Irin na Faransa. Sanyi ne ke hana su tsawo."

Aka ce ina ƙaho? Ya ce Nasara na cirewa tun suna ciki. Aka ce wutsiyar fa? Ya ce balami ma doguwar wutsiya gare shi, wa ya taɓa zaginsa? Aka ce haƙoran? Ya ce ɗan Nasaran ne ya koya musu goro. Ƙafar agwagwa kuwa, ai ƙasarsu duk ruwa ce, da me ake so su yi tafiya? Duk wanda ya jefo tambaya sai ya cafe ta kafin ta faɗi, har wasu suka fara shakkar idonsu. Zaliha na tsaye a bakin zaure, ta dubi akwatin, ta dubi mijinta, ta ce, "To. Allah ya sa albarka. Baban Khalida, me ragunan naka ke ci?"

Saura batun layya. Aka kira Malam Waliyyullahi limamin unguwa, dattijo mai gudun ɓacin ran jama'a. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya miƙa sandarsa don ya juya ɗaya, dabbar ta kama bakin sandar ta gutsure shi kamar rake. Malam ya janye abin da ya rage, ya duba, ya ce, "Layya sai da dabbar da ta cika shekarunta. Waɗannan, a ganina, ba su cika ba tukuna."

"Yaushe za su cika, Malam?"

"Allah ne masani. Kada dai ka yi gaggawa."

Haka aka tashi kowa da mutuncinsa. A sallar nan gidan babban mahauci da naman maƙwabta aka yi suya, har da cinyar ragon da ya bai wa yayarsa, wadda ta aiko masa da ita cikin tausayi. Ya ci yana cewa naman gida ya cika kitse.

Ba a yi wata biyu ba ɗaya daga cikin ragunan ya haihu. Maiturare ya shigo da goro har tsakar gida ya yi barka, ya tambaya yaushe ne suna. Mijinyawa ya ce a Faransa haka raguna suke, ba sa jiran tumaki, shi ya sa ƙasar ta ci gaba. Daga nan gida ya koma nasu. Harawa ba su ko shinshina ta ba, amma sun cinye kututturen da yake sara nama, sun cinye gindin turmi, sun yi wa ƙofar madafi taga. Suka haƙa rami ta ƙarƙashin katanga suka ɓulla a ɗakin da Maiturare ke ajiye kaya, suka fasa kwalabe, suka dawo gida suna ƙamshin amare. A ranar Maiturare bai yi wasa ba. Ya ce ko raguna ne ko raƙuma, su bar unguwar ko ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Yankawa ba ta yiwuwa, don Malam ya ce ba su cika ba, kuma Mijinyawa ba zai sa wuƙarsa a wuyan abin da zuciyarsa ta san sunansa ba. Jefarwa ma ba ta yiwuwa, don ba a jefar da rago. Sai ya dubi Zaliha ya ce, "Am Khalida, ragunan nan kiwon ruwa suke so." Ta ce, "To." Wannan "To" ɗin doguwa ce, ya ji ta sarai, ya yi kamar bai ji ba. Aka loda su a hayis, direba ya ce sai an biya musu kuɗin kujera tunda raguna ne, aka haye da su Waliya aka sake su a kududdufin lambu.

Can suka samu aljannarsu. Suka haƙe gaɓar kududdufin, suka hayayyafa, har in ka jefa dutse sai kawuna sun ɓullo ta ko'ina. Suna cin salak, suna cin jijiyar yakuwa, albasa kaɗai suka raga wa Zaliha. Ta kewaye fangalinta da tsohon kwano, ta ci gaba da aikinta. Kullum takan naɗe zane ta shiga ruwan har gwiwa ta cika bokiti, ta fito, ta koma, suna iyo a gefenta. In masunta suka tambaye ta waɗannan mene ne, sai ta ce, "Ragunan maigida ne," ba ta ko murmushi.

Shi kuwa kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya ɗaure damin harawa ya haye gada da shi, don rago harawa yake ci kuma mutane na kallo. Su kuma su ja ta cikin rami su yi shimfiɗa. Shekara bakwai yana wannan hidima. A kasuwa masu saye suka samu abin tsokana, kowa ya zo sai ya ce, "Na gida za ka yanko min, ban da na Faransa." Ya saba, har yakan amsa da cewa na Faransa ya fi ƙarfin aljihunsu. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne wani lokaci yakan zauna a bakin ruwan ya yi ta kallonsu suna wanke fuska da hannu biyu, ya ji sun ba shi sha'awa, sannan ya ji haushin kansa.

A daminar 2003 Zaliha ta fara susa. Jajayen ƙuraje suka feso mata daga idon sawu zuwa gwiwa, daidai inda ruwa ke tsayawa. Ƙaiƙayin ba ya barinta ta zauna. Ta sosa da farce, ta sosa da totuwar masara, har fata ta ɗaye. Aka shafa man kaɗanya, aka shafa toka, Maiturare ya kawo wani mai da ya ce daga Sudan yake. In ta kwana biyu a gida sai abin ya lafa, ta koma lambu ya dawo sabo. Ga shi dama tana da ciwon suga tun haihuwarta ta ƙarshe, rauni ba ya saurin warke mata.

Suka je asibiti, labtan kamar yadda ake cewa a gari. Likitar wata mace ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa, da Larabci ake magana da ita. Ta duba ƙafar ta tambaya ko akwai dabbobi inda Zaliha ke aiki. Mijinyawa ya yi caraf ya ce raguna ne kawai. Likita ta ce rago ba ya kawo irin wannan, wataƙila ƙazuwa ce, ta ba da magani. Zaliha ta shafa, ta ji sauƙi, ta koma ruwa, don albasa ba ta jiran mai ciwo.

Kafin kaka ƙafar hagu ta kumbura, gyambo ya buɗe a ƙasan ƙwauri ya gangara zuwa yatsu. Wata safiya Mijinyawa ya shiga ɗakinta zai yi mata sallama ya tafi kasuwa, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Wani wari ya ji, kaɗan ne, wanda wani ba zai lura ba. Amma shi ya san shi. Warin naman da ya fara juyawa ne, wanda in ya ji a rumfarsa ba ya tsayawa shawara, jefarwa yake. Yau kuwa daga ƙafar matarsa yake fitowa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bai je kasuwa ba, ya nemo tasi.

Labtan cike yake. An kwantar da Zaliha a gadon da labule kawai ya raba shi da baranda, inda jama'a ke zaune a benci suna jiran layi. Cikinsu, don Allah ya nufa, har da Maiturare da ya zo awon hawan jini. Likita ta kwance tsumman ta duba. Sannan ta ce gyambon za ta wanke ta ba da allurai, amma ba shi ne tushen ba. Wani abu ne ke shiga fatar nan yana sa susa, susar ke buɗe rauni, suga kuma ya hana shi rufewa. In ba a gano abin an raba ta da shi ba, za ta warke ta koma ta sake ɗaukowa, kuma zuwa na gaba ba wanki za a yi ba, yanke ƙafar za a yi daga gwiwa.

"Ƙurajen nan iyakar ruwa suka tsaya," in ji ta. "Wane ruwa take shiga? Me ke zaune a cikinsa?"

Mijinyawa ya buɗe baki, ya ji benci ya yi shiru a bayan labule, ya rufe. Likita ta gaji da shi, ta sunkuya kan Zaliha ta ce, "Ke nake tambaya, yaya. Me ke cikin ruwan?"

Zaliha na kwance zazzaɓi na kaɗa ta, leɓunanta sun bushe sun tsage. Ta juyo da ido ta dubi mijinta, ta mayar kan likita ta ce, "Ragunan maigida ne."

"Rago a cikin ruwa?"

"Na Faransa ne," in ji Zaliha a hankali. "Sanyi ne ke hana su tsawo."

Shekara bakwai Mijinyawa na faɗin wannan magana, bai taɓa jin ta daga waje ba sai yau. Ga mace ana batun yanke mata ƙafa, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata tana tallafe masa ƙaryarsa kada ta faɗi a gaban mutane. Kunya ta rufe shi, ba irin ta ranar akwati ba, wannan har cikin ƙashi ya ji ta. Ya ji ya tsani hularsa da gemunsa da bakinsa.

"Ɓeraye ne," in ji shi.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kuma da Hausa, likita ba ta gane ba. Ta ce, "Shunu?" wato me ka ce. Dole ya sake, da Larabci, da ƙarfin da duk baranda za ta ji: "Far! Far kubar! Ɓeraye ne manya, ba raguna ba ne, ba su taɓa zama raguna ba!" Ya shiga zayyana mata, haƙora ja, ƙafar agwagwa, wutsiya silili, Nasara mai saɓaɓɓen hanci. Likita ta zaro ido ta dafe ƙirji ta ce, "Ragondan? A nan Njamena?"

Kalmar ta sake dukan kunnensa, wannan karon daga bakin da ba ya magana ta hanci, kuma babu ɗan kowa a ƙarshenta. Ashe sunan dabbar ke nan. Likita ta ce ta san su a ƙasar da ta yi karatu, suna cika bakin koguna. Akwai 'yan tsutsotsi a hanjinsu da ke fita cikin kashinsu, ido ba ya gani, su zauna a ruwa da laka, in mutum ya shiga su huda fata. Ga mai lafiya ƙaiƙayi ne ya wuce. Ga mai suga da ke komawa ruwan kullum, ga abin da yake zama. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce me ya sa bai faɗa ba tun zuwan farko. Wannan karon bai ƙirƙiro komai ba.

Da ya fito, Maiturare na zaune ya sunkuyar da kai yana ta karanta katin asibitinsa a juye. Da Mijinyawa ya zo wucewa sai Maiturare ya ce, "Allah ya ba Am Khalida lafiya."

Washegari Mijinyawa ya haye Waliya ba harawa. Ya tara masunta da taru da tarkuna, aka yashe kududdufin, aka tone ramuka, aka kwashe su kaf, manya da ƙanana. Wasu suka ce a bar musu su gasa, ya ce naman da ya san da tsutsa ba ya fita daga hannunsa. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne, aka cike kududdufin da ƙasa, daga baya ya sa aka gina rijiya mai guga. Babban namijin nan na cikin akwati, wanda ya ci sandar Malam, shi aka kama ƙarshe, ya tsufa gashin bakinsa ya yi tsawo. Mijinyawa ya juya baya har aka gama.

Daga nan ya wuce kasuwa. Ya tarar Maiturare bai gaya wa kowa ba, abin da ya fi ba shi mamaki a duk shekarun zamansu. Sai ya tsaya a tsakiyar layin mahauta ya faɗa da bakinsa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, aka sa masa Mai Ɓera, sunan ya bi shi har kabari. Wasu masu saye suka koma wata rumfa, wai wa ya san abin da suka ci a baya, alhali ko gashin dabbar bai taɓa shiga rumfarsa ba. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye.

Ƙafar ta tsira, sai dai an cire yatsu biyu. Da aka sallamo Zaliha, shi da kansa yake wanke mata raunin safe da yamma, da hannun nan da ya san nama. Wata rana yana naɗa bandeji ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Am Khalida, tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ka gama ɓanɓare murfin."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kai ka ce raguna ne, a gaban mutane."

Ya ci gaba da naɗi, hawaye na ɗiga a kan bandejin, ta ce ya bari kada ya jiƙa mata shi. Bai zama wani mutum daban ba bayan haka, kada a yi masa ƙarya. Ya ci gaba da jin Faransanci, salkar kakansa ma tana nan rataye a zaure, kuma in baƙo ya tambaya yakan ce su matafiya ne. Magana ɗaya ya janye a rayuwarsa, a gidansu kuwa ba a taɓa yin wanda ya kai haka ba.

Ya rasu a 2009, bayan gajeriyar jinya. Mata suka cika tsakar gida zaman makoki, Zaliha na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafunta biyu, ta hagun da tabonta da gurbin yatsu. Ana ta ambaton kirkinsa, sikelinsa, hantar da yake jefarwa. Sai wata maƙwabciya, Shatu, wadda bakinta ke riga hankalinta, ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki, in ban da ɓerayen nan da suka kusa cinye miki ƙafa."

Zaliha ta ɗago ta dube ta.

"Raguna ne," in ji ta.

"Haba Am Khalida, ai shi da bakinsa ya ce ɓeraye ne, duk kasuwa ta ji."

Zaliha ta ja bakin zanenta ta rufe ƙafar, ta dafa ta da hannu.

"Saboda wannan ya faɗa," in ji ta. "Amma raguna ne."